Tsakanin Jirgi da Jirgi: Nasiha ga Matasa Matafiya

Ya ku ƙannena da 'ya'yana, maza da mata, waɗanda Allah Ya buɗe wa ƙofar tafiya a wannan zamani, wasu don neman ilmi, wasu don fatauci, wasu don jinya ko rakiyar majinyaci, wasu kuwa don ziyarar Ɗakin Allah, akwai wata mas'ala da na ga ba a cika zaunar da matashi a karanta masa ita kafin ya ɗauki jakarsa ba, alhali kuwa ta sha jawo wa bayin Allah hasarar dukiya da kwanan zaune a kan kujerar ƙarfe. Mas'alar ita ce ta ɗan lokacin nan, sa'a guda ko biyu, da mutum yake da shi tsakanin saukarsa daga wani jirgi da shigarsa wani, a babban filin jirgin sama na ƙasar da ba tasa ba, inda ba ya jin harshen mutane, ba shi da ɗan'uwa ko masani, ga gajiyar dare a jikinsa. Dalilin da ya sa ta shafe mu ƙwarai shi ne, galibin garuruwan da mutanenmu suke nufa, kamar Guwanzu ta ƙasar Sin, da Kuwala Lumfur, da Delhi, da yawancin biranen Turai da Amurka, ba a samun jirgin da zai ɗauki mutum daga Kano ko Abuja ko Yamai ya dire shi can kai tsaye, sai an ya da zango a Addis Ababa, ko Alƙahira, ko Doha, ko Dubai, ko Santambul, ko Landan, an sauya jirgi. Abin da nake so ku riƙe tun daga farko shi ne, samun jirgi na biyu ko rasa shi, galibi ana yanke hukuncinsa ne tun ranar da aka sayi tikiti, makonni kafin a kai ga gudu a cikin fili.

Bari mu ɗauki filin Santambul, wato Istanbul ta ƙasar Turkiyya, ya zame mana misali, tun da ɗalibanmu da 'yan kasuwarmu da yawa ta nan suke bi. An buɗe wannan fili a watan Oktoba na 2018, aka kwashe zirga-zirgar fasinja daga tsohon filin Ataturk zuwa gare shi a watan Afrilu na 2019, kuma a shekarar 2024 mutanen da suka ratsa ta cikinsa sun kai kimanin miliyan 80. Gini ne guda ɗaya, rufi ɗaya, amma faɗinsa ya wuce murabba'in mita miliyan guda, yana da rassa masu tsawo da suka miƙa ta kowace kusurwa, kowane reshe da harafinsa, kowane harafi da jerin ƙofofinsa, ta yadda wanda ya sauka a ƙarshen wani reshe, jirginsa na biyu kuwa yana ƙarshen wani, zai yi tafiyar ƙafa mai nisa ko da ya hau shimfiɗun nan masu tafiya da kansu. Wanda bai taɓa ganin filin da ya fi na Malam Aminu Kano girma ba, inda daga wurin awon kaya zuwa bakin jirgi 'yan taku ne, ba laifinsa ba ne idan ya ga an rubuta masa sa'a ɗaya da rabi tsakanin jirage biyu ya ɗauka har zai sami sukunin shan shayi.

To, ku yi wa wannan sa'a da rabin irin lissafin da malaman fara'ili suke yi wa dukiyar mamaci, wadda magada ba su taɓa ko anini daga cikinta sai an fitar da kuɗin likkafani da jana'iza, an biya bashi, an zartar da wasiyya, sa'an nan abin da ya saura shi ne rabonsu. Minti 90 ke nan a takarda. Abu na farko da za a fitar shi ne na ƙarshen tafiyar, domin lokacin tashi da aka rubuta a tikiti lokaci ne na janyewar jirgi daga ƙofa, ita kuwa ƙofar ana rufe ta minti 15 zuwa 20 kafin haka, kuma idan an rufe, ko kana hangen jirgin ta gilashi yana tsaye, ba za a buɗe maka ba. Sai a fitar da lokacin fitowa daga jirgin farko, wanda idan mai ɗaukar mutum ɗari uku ne, kujerarka kuma tana can baya, za ka tsaya a tsaye kwata guda kana jiran na gabanka su sauke jakunkunansu. Idan kuma ba a kai jirgin bakin gini ba, aka ajiye shi a fili, sai an jira bas ta cika ta kai ku. Sai a fitar da tafiya zuwa wurin bincike, da layin binciken kansa, wanda tsawonsa ya danganta da yawan jiragen da suka sauka tare da naku, sai kuma tafiya ta biyu zuwa ƙofarka. Idan ka tara waɗannan duka bisa adalci, za ka ga abin da ya rage maka bai fi minti 15 ko 20 ba, shi ma da sharaɗin jirgin farko ya iso a kan kari. Ku lura kuma, lokacin isowa da aka rubuta na tsayuwar jirgi ne a mazauninsa, saboda haka kada zuciyarka ta kwanta don ka ji tayoyi sun taɓa ƙasa; a fili mai faɗi irin na Santambul jirgi yakan ɗauki kwata ko fiye yana tafiya a ƙasa kafin ya tsaya.

Yanzu sai babbar magana, wadda idan ba ku riƙe komai daga wannan nasiha ba, ina roƙonku ku riƙe ta. Akwai bambanci mai nisa tsakanin tafiyar da aka haɗa jiragenta biyu a tikiti guda, mai lamba guda, da wadda aka saya guntu-guntu, kowane jirgi da tikitinsa. A ta farko, kamfani ya ɗaura alkawari da kai cewa zai kai ka har garin da ka nufa, kuma ba zai sayar maka da haɗin da ya gaza mafi ƙarancin lokacin da aka ƙayyade wa canjin jirgi a wannan fili ba, domin kowane babban fili yana da irin wannan ƙa'ida, kuma na'urorin sayar da tikiti suna aiki da ita. Idan jirginsa na farko ya makara har ka rasa na biyu, wajibinsa ne ya saka ka a wani ba tare da ka ƙara ko sisi ba, akwatinka kuma tun daga gida aka yi masa lamba har zuwa ƙarshe, galibi ba sai ka ɗauke shi a hanya ba. A ta biyu kuwa, kamfani na biyu bai san da zaman na farko ba, ba ruwansa da uzurinka. Idan ba ka bayyana a kan lokaci ba, sai ya rubuta ka cikin waɗanda ba su zo ba, kuɗinka ya tafi, kuma bisa al'adar yawancin kamfanoni sauran tafiyar da ke cikin wannan tikitin, har da ta komowa gida, sai a soke ta. Bayan haka, mai tikiti biyu galibi tilas ne ya fita ta hannun jami'an shige da fice, ya ɗauki akwatinsa, ya sake kai shi awo, alhali kantar awo ta jiragen ƙasa da ƙasa ana rufe ta kimanin sa'a guda kafin tashi. Na san abin da yake jan matashi zuwa ga tikiti biyu shi ne sauƙin farashi, kuma ba na raina wannan, domin kuɗin nan wataƙila gona aka sayar ko adashi aka kwasa aka haɗa shi. Amma Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma wanda ya sayi sabon tikiti a kanta, a daren da ya rasa jirgi, da farashin wannan daren, ya san gaskiyar maganar. Saboda haka idan ejan ne yake saya maka, ka tambaye shi da bakinka, cikin ladabi amma ba tare da jin nauyi ba: shin lamba guda ce ta haɗa jiragen nan biyu, shin akwatina zai wuce har ƙarshe, kuma shin filin da zan sauka shi ne filin da zan tashi?

Wannan tambaya ta ƙarshe kada ku ɗauke ta wasa. Santambul tana da filaye biyu masu aiki da fasinja, babban da muka ambata a ɓangaren Turai, da na Sabiha Gokcen a ɓangaren Asiya, kuma tsakaninsu tafiya ce ta fiye da sa'a guda a mota ko da hanya ta yi kyau. Landan tana da Hitiro da Gatwik da wasunsu, Faris tana da Sharl da Gol da Orli. A tikiti ana nuna kowane fili da haruffa uku, na babban filin Santambul IST, na ɗaya kuwa SAW, kuma wanda bai duba haruffan nan ba yana iya samun kansa da bukatar ratsa birni, wanda hakan yake nufin shiga ƙasar, shiga ƙasar kuwa sai da biza. Mas'alar biza ma faɗi gare ta. Mai fasfon Nijeriya ko na Gana, ko da ba zai fita daga fili ba, yana bukatar bizar wucewa kafin ya sauya jirgi a ƙasashen Turai na yankin Shengen, sai fa idan yana cikin waɗanda aka keɓe, kamar mai riƙe da ingantacciyar bizar Amurka ko Kanada. Ingila ma tana da irin wannan sharaɗi nata. Wanda zai shiga yankin Shengen kuwa, a filin farko da ya sauka ake duba fasfonsa, ko da ba nan ya nufa ba, wato mai zuwa Roma ta Firankfot, a Firankfot zai bi layin shige da fice, sai ya sa wannan layin cikin lissafinsa. Amurka ta fi kowa tsanani a nan, domin duk wanda ya sauka a cikinta, ko wucewa zai yi zuwa wata ƙasa, sai ya bi ta shige da fice, kuma bisa galibi sai ya ɗauki akwatinsa a filin farko ya wuce da shi ta kwastan, ya sake miƙa shi. A irin wannan wuri sa'a biyu kaɗan ce, uku ta fi kusa da hankali.

Akwai kuma wani abu da ya keɓanta da mu. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo yakan rufe sararin Kano da Kaduna da Abuja har jirage su kasa sauka ko tashi a kan lokaci, kuma ko ba hazo, jinkirin jiragen cikin gida ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Wanda zai tashi daga Abuja ko Ikko da dare zuwa waje, ya kuma dogara ga jirgin cikin gida na yammacin wannan ranar a tikiti dabam, ya jingina tafiyarsa duka a kan abin da ba shi da iko da shi, balle a Ikko, inda ɓangaren jiragen cikin gida da na ƙasashen waje suke rabe, sai an shiga mota. Shawarata ita ce ka isa garin da jirginka na waje zai tashi tun ana gobe, ka kwana wurin 'yan'uwa ko a masauki, ka wayi gari da natsuwa. Yin haka bai saɓa wa tawakkali ba ko kaɗan, domin malamanmu sun karantar da mu cewa riƙon sababi yana cikin tawakkali, sakaci ne ba ya ciki.

To, a ƙaddara tikiti ya riga ya sayu, lokaci kuma ƙanƙane ne, me ya rage a hannunka? Abubuwa da dama. Tun a wurin awo na gida ka nemi a ba ka katin shiga jirgi na biyu tare da na farko, ka roƙi kujerar da take kusa da gaba kuma a bakin hanya, sa'an nan ka dubi 'yar takardar nan mai danƙo da ake manna maka a bayan kati ko fasfo, shaidar akwatinka: haruffa ukun da ke kanta su zama na garin da ka nufa, ba na zango ba, kuma ka adana ta kamar yadda kake adana fasfo. Magungunanka, da takardun makaranta ko na asibiti, da caja, da batirin ajiya na cajin waya, wanda dama doka ta hana a sa shi a akwatin awo, da tufafin canji guda, duk su zauna a jakar hannu, domin a ƙurarren lokaci mutum yana iya samun jirgi akwatinsa bai samu ba. Kafin jirgi ya fara gangarowa ka shiga makewayi, ka tattara kayanka wuri guda, ka nuna wa ɗaya daga cikin ma'aikatan jirgi katinka ka gaya masa halin da kake ciki. Wani lokaci sukan san ƙofar jirginka, wani lokaci su matsar da kai gaba. Ka kuma gyara agogonka. Duk lokutan da ke cikin tikiti na garin da abin zai faru ne, ba na gida ba: Santambul da Doha da Addis Ababa suna gaban Nijeriya da Nijar da sa'a biyu, Dubai da sa'a uku, kuma wayar da ba ta kama layi ba tana iya ci gaba da nuna maka lokacin Kano alhali jirginka yana lodi. Haka nan jirgin da aka rubuta zai tashi 00:40 ranar Talata, a daren Litinin ne wayewar Talata, kuma mutane masu hankali da yawa sun yi kuskuren yini guda cur a kan wannan.

Idan ka fito daga jirgi, kada ka bi taro don kawai taro ne, domin da yawa daga cikinsu sun iso gida, hanyar fita suke nema, kuma wanda ya bi su har ya tsaya a layin fasfo ya ɓata abin da ba zai dawo ba. Ka ɗaga kai ka nemi alamar masu canjin jirgi, wadda a Turance ake rubuta Transfer ko Connections, galibi da hoton jirage ko kibiya a gefenta. A allo na farko da ka tarar ka tsaya, ko da ƙafarka tana ƙaiƙayin gudu, ka nemi jirginka da lambarsa, domin gari guda yana iya samun jirage biyu ko uku a dare ɗaya, kuma jirgi guda yana iya ɗauke da lambobin kamfanoni da yawa suna juyawa a allon, sai ka ɗan jira taka ta bayyana. Ƙofar da aka buga a katinka tun daga gida tana iya canzawa, ko ma a bar wurin babu komai. Abin da allo ya faɗa shi ne abin aiki. Rabin mintin da ka kashe a gaban allo ya fi maka minti goma na gudu zuwa reshen da ba naka ba. Idan ka rikice, ka nufi ma'aikaci mai kayan aiki da bajo a ƙirji, ka miƙa masa katin ka nuna lokacin da yatsa, ba sai ka iya harshensa ba. Matambayi ba ya ɓata, kuma a filaye da yawa akwai layi na musamman ga waɗanda lokacinsu ya ƙure, ba a kuwa saka mutum a ciki sai ya nuna bukata.

A wurin bincike ne na fi ganin mutanenmu suna asarar lokaci, kuma abin yana ba ni tausayi, domin asara ce da ake iya kauce mata tun ana cikin layi. Za ka ga bawan Allah sai da ya iso gaban tire sa'an nan ya fara lalube: agogo, da zobe, da ɗamara, da tsabar kuɗi a aljihun gaba, da makullai a aljihun gefe, da carbi mai ƙarfe, da waya biyu, ya wuce na'ura ta yi ƙara, a komo da shi, ya tuna da wani abu a aljihun 'yar ciki. Kai kuwa, tun kana layi ka zuba duk waɗannan a aljihun jakarka ka ja zif, ka fito da kwamfutarka a hannu idan an bukata, ka shanye ruwan gorarka. Tun shekarar 2006, bayan wani makirci da aka bankaɗo a Ingila na tarwatsa jirage da sinadarai masu ruwa, aka kafa ƙa'idar cewa duk abu mai ruwa a jakar hannu kada mazubinsa ya wuce mililita 100, kuma ko da yake wasu filaye masu sababbin na'urori sun fara sassautawa, kai dai ka yi aiki da tsohuwar ƙa'ida ka huta. Babbar kwalbar turare, da zuma, da man shanu, da man shafawa, duk a akwatin awo suke da wuri. Wanda ya tsaya jayayya a kan kwalbar turare zai rasa turaren, wataƙila ya rasa jirgin tare da shi. 'Yan'uwa mata kuma, awarwaro da sarƙa masu nauyi gara a cire su tun da wuri a sa cikin jaka, kuma idan an bukaci a laluba jiki ko a duba lulluɓi, kuna da damar neman mace ta yi, a keɓantaccen wuri, sai dai a nema da sanyin murya kuma nan take.

Daga nan sai ƙofa, kai tsaye. Za a bi da kai ta tsakiyar kantuna masu ƙyalli da ƙamshi, da gangan aka tsara hanyar haka, amma tsaraba ba ta da wuri a wannan sa'ar. Sai ka ga ƙofarka da idonka, ka karanta sunan garinka da lambar jirginka a allonta, sa'an nan ka san ko kana da sauran lokacin makewayi ko ruwan sha. Kada ka dogara da kiran lasifika, domin manyan filaye da yawa sun rage kiran, wanda aka yi ma sau da yawa ba za ka gane sunanka a bakin mai kiran ba.

Ga mas'alar salla, wadda na san tana damun duk mai kula da addininsa, kuma daidai ne ta dame shi. Shari'a ba ta bar matafiyi cikin ƙunci ba. An yi masa rangwamen ƙasaru a tafiyar da ta kai mil 48 bisa abin da ke cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda yawancinmu muka karanta a zaure, kuma littafin ya ambaci halaccin haɗa Azahar da La'asar, da Magariba da Lisha, ga wanda tafiya ta matsa wa. Abin da nake ba ku shawara shi ne, tun kafin ranar tafiya ku zauna da malaminku da tikitin a hannu, ku duba waɗanne salloli ne za su riske ku a sama, waɗanne a zango, ya faɗa muku yadda za ku yi bisa tafsilin da malamai suka yi, domin tsakiyar gudu ba wurin warware mas'alar fiƙihu ba ne. Lokacin salla kuma na inda kake ne, bisa ranar wurin. Filayen Santambul da Doha da Dubai duk suna da masallatai da wurin alwala a cikinsu, da alamu masu nuna su, kuma wanda ya riƙe alwalarsa tun daga jirgi, raka'a biyu ba za su ci masa fiye da 'yan mintoci ba idan ya riga ya ga ƙofarsa ya san tazararta.

Ina kuma yi muku wasiyya da mutunci. Ƙurewar lokaci ba ta halatta ture tsoho, ko tsallake mai goyo, ko ɗaga murya ga ma'aikaciyar da ba ita ta makarar da jirginka ba. Idan kana bukatar a ba ka hanya a layi, ka nuna katinka ka roƙa, mafi yawan mutane za su matsa maka, wanda ya ƙi kuma haƙƙinsa ne. Sau da yawa za ka tarar da wata dattijuwa 'yar ƙasarmu, mai zuwa Umra ko jinya, tana tsaye a mararrabar hanyoyi da kati a hannu, tana miƙa shi ga duk wanda ya gifta, ba ta karanta boko, kunya kuma ta hana ta ɗaga murya. Ka tsaya ka ce, "Sannu Hajiya, kawo in duba miki," ka karanta mata ƙofarta, idan hanyarku ɗaya ku tafi tare, idan ba ɗaya ba ka damƙa ta a hannun ma'aikaci. Wannan ba zai ci maka minti guda ba. Idan kuma kai ne kake rakiyar tsoho ko majinyaci, ka nemi a rubuta masa keken turawa tun wajen sayen tikiti, ko aƙalla kwana biyu kafin tafiya, kyauta ne, kuma mai tura keken ya san gajerun hanyoyin da kai ba ka sani ba. Amma taimako yana da iyaka guda wadda ba a ƙetare ta: kada ka karɓi jaka ko ƙunshi ko leda daga hannun kowa don ka wuce masa da ita, komai furfurarsa, komai daɗin bakinsa, kuma kada ka yarda a yi awon kayan wani da sunanka. Duk abin da aka samu a ciki kai shari'ar ƙasar za ta tambaya, kuma a wasu ƙasashen, ciki har da Saudiyya, hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi yana kaiwa ga kisa.

Idan kuwa bayan duk wannan ka iso ka tarar an rufe, to ƙaddara ta riga fata, sai ka yi istirja'i ka koma ga abin da ya rage. Kada ka fita daga ɓangaren masu wucewa. Ka nufi kantar canjin jirgi ta kamfanin nan da nan, domin kujerun jirgi na gaba wanda ya riga zuwa shi ake ba, kuma sauran waɗanda suka rasa tare da kai suna tafe a bayanka. Idan tikitinka guda ne kuma jinkirin daga jirgin farko ne, ka nemi a saka ka a na gaba, ka tambayi takardar abinci, da masauki idan za a kwana, ka kuma tambaya a ina akwatinka yake da kuma ko an juya shi zuwa sabon jirgin. Tarayyar Turai tana da doka tun 2004 wadda ta wajabta diyya daga Yuro 250 zuwa 600, gwargwadon nisan tafiya, ga wanda ya isa inda ya nufa da jinkirin sa'a uku ko fiye, matuƙar jirgin daga ƙasashenta ya tashi, ko kuwa kamfanin nata ne mai shigowa cikinta, sai fa idan dalilin ya fi ƙarfin kamfani, kamar mugun yanayi. Turkiyya ma tana da tata ƙa'idar ta haƙƙin fasinja. Ka adana katunanka duka da rasiɗin duk abin da ka kashe, ka sanar da mai jiranka a can sabon lokacin isowarka, ka kuma sanar da iyaye a gida don hankalinsu ya kwanta. Idan ka isa akwati bai iso ba, kada ka bar zauren ɗaukar kaya sai ka je kantar ɓatattun kaya da 'yar takardar nan mai danƙo, an cika maka takardar rahoto, an ba ka lambarta, ka bar musu adireshi da lambar wayar da za a same ka. Bisa Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Nijeriya da Turkiyya duk suna cikinta, kana da kwana 7 daga karɓar akwati ka kai ƙara a rubuce idan ya iso a lalace, da kwana 21 daga ranar da aka miƙa maka shi idan makara ya yi, kuma idan kwana 21 suka wuce daga ranar da ya kamata ya iso bai iso ba, kana da damar neman diyyarsa a matsayin wanda ya ɓata.